Daga Ƙofar Kwaya Zuwa Yamai da Ciwon Baya

Tun da muka dawo daga Yamai shagona bai rabu da baƙi ba. Wani ya zo da yadi, wani ya zo hannu sake, amma tambayar ɗaya ce: "Lawal, yaya ƙasar take? Da gaske ne a kwance ka yi wa manya jawabi?" Na ba da labarin har na gaji, kuma na lura duk wanda ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Kwanan baya a bakin masallacinmu na ji ana cewa wai suma na yi aka yayyafa mini ruwa. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi tun daga farko, yadda ya faru.

Ni tela ne a Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina. Shekarun baya na faɗo daga kan acaba, ƙashi bai karye ba, amma tun daga ranar bayana bai sake zama nawa ba. Akwai ranar da zan wuni kan keke lafiya lau, akwai ranar da matata Murja ce ke sa mini takalmi. A haka na san Malam Sada, dattijon da ya yi aikin gashin ƙashi a asibiti har ya yi ritaya. Duk Asabar bayan la'asar yakan tara mu a zaurensa, mu masu ciwon da ya ƙi tafiya: mahauta, 'yan acaba, leburorin da suka shigo gari daga ƙauye, tsofaffi masu sanyin ƙashi. Ya duba wannan, ya murza wa wancan, mu sha hira mu watse. Ba ya karɓar komai.

Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ƙungiyoyin agaji na waje da suka daɗe da ƙaurace mana suka fara dawowa. Wani tsohon abokin aikin Malam Sada ya aiko masa da saƙo cewa akwai wata ƙungiya da ke ba da tallafin tarukan bita ga masu daɗaɗɗen ciwo a Nijar, kuma tana son ta tsallako iyaka. Duk masu nema za su hallara a Yamai, kowace tawaga da ma'aikacin lafiya ɗaya da majinyaci ɗaya, su ga yadda ake yi, sannan su faɗi buƙatarsu da bakinsu. 'Yan zaure suka zaɓe ni, wai ni ne mai baki. Alhaji Mani sarkin fawan unguwarmu, wanda gwiwoyinsa suka kumbura kamar tulu, ya riƙe hannuna ya ce, "Lawal, magani za ka roƙo mana, da injin gashi irin na asibiti. Kada ka dawo mana da surutu."

Na ɗinka wa kaina ɗan matashi na jingina baya, Murja ta ƙulla mana dambun nama, muka kama hanyar Jibiya da safe. Har Magama ban ji komai ba sai ɗoki. A ɓangarenmu na iyaka aka duba mu aka sallame mu. Da muka isa Ɗan Isa sai wani jandarma dogo, mai tsage a kumatu, ya leƙo cikin mota ya dubi Malam Sada ya ce, "Mushe, a sauko da kaya."

Na ji raina ya ɓaci. Dattijo mai furfura a kira shi mushe? Malam Sada ya danne mini gwiwa yana murmushi, ya raɗa mini cewa a nan haka ake girmama mai ilimi, kalmar Faransanci ce. Har muka dawo ban saba da ita ba.

Jandarman ya buɗe jakata a hankali, ya ɗaga riguna ya mayar yadda suke. Can ƙasa ya ci karo da wani ƙullin leda. Ƙwayoyi ne da nake saye wurin masu talla a faranti, ja da rawaya da fari, babu kwali babu suna. Su nake haɗiya in ciwo ya taso, kuma Malam Sada bai san ina shan su ba.

"Wanga mi ne ne?" in ji jandarman.

"Maganin baya ne, ranka ya daɗe."

"Mi sunanshi?"

Ni kuwa ban san sunansa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo mana benci a inuwa da ruwan sanyi, ya ce ba a shiga ƙasarsu da magani marar suna, zai riƙe. Malam Sada ya yi masa bayanin inda za mu da abin da ya kai mu. Sai fuskar mutumin ta canza. Ya ce mahaifiyarsa tana can Tasawa, shekaru ba ta iya durƙusawa a salla, a zaune take yi tana kuka. Ya tambayi Malam Sada abin da za a yi mata, Malam ya tsaya a bakin titi yana nuna masa yadda ake miƙe gwiwa da ɗumama ta da tsumma, direba yana ta danna oda. Ya rako mu har mota yana mana addu'a, amma ƙullina bai dawo ba.

Muka kama hanyar Maraɗi. Da muka sauka Malam Sada ya ja ni wani kantin magani, su farmasi suke cewa. Wuri tsaf, mai sayarwa da farar riga. Na nuna wani magani mai ƙarfi da na sani, matar ta ce sai da takardar likita. Na ce ni baƙo ne daga Najeriya. Ta ce ko daga Makka nake. Malam Sada ya sayi na sauƙin ciwo mai suna a jikin kwali, ya miƙo mini ya ce, "Wancan da aka karɓe shi ke ci maka ciki kake cewa yunwa ce. Allah ya saka wa jandarman nan."

Mun kwana a gidan Alhaji Lawali, taubashin Malam Sada, mai sayar da fatu. Tun daga ƙofa ya fara tsiya, wai ga 'yan Katsinar aro sun zo gaida Katsinawan asali. Gaisuwarsu irin tamu ce, har ta fi tamu tsawo, sai an tambayi gida da gajiya da sanyi da dabbobi. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da furar da ban taɓa shan mai kaurinta ba. Bayan magariba aka ɗora shayi a ɗan ƙaramin buta kan gawayi. Na shanye kofin farko, ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na miƙe. Aka yi ta dariya, wai ba a tashi sai an sha na uku, tashi a na farko kamar ka ce hirar mai gida ba ta yi maka ba. Da Alhaji Lawali ya ji matsalar bayana, da kansa ya janye katifar da aka shimfiɗa mini, ya sa aka ciro wani ƙyauren ɗaki da ba a amfani da shi aka ɗora bargo a kai. Na yi barci a kan ƙofa, kuma na ji daɗinsa.

Babbar motar Yamai ta ba ni mamaki. Lokacin da aka ce za ta tashi, lokacin ta tashi, ko da akwai kujerun da ba kowa. Mutum ɗaya kujera ɗaya. Mu da muka saba a cusa mu huɗu a mazaunin uku, a yi ta jiran fasinja ɗaya har rana ta take, sai na riƙa waige ina jiran a ce a matsa. Karin kumallo kuwa wani burodi ne dogo kamar sanda, ɓawonsa har yanka dasashi yake, ana tsaga shi a zuba wake da mai.

Hanyar tana da tsawo. Kafin Madawa matashina ya daina amfani. Wajen Galmi, inda buhunan albasa suke jere bakin titi kamar ganuwa, ciwon ya fara sauka cikin ƙafata ta hagu. Na miƙe tsaye a tsakiyar mota ina riƙe da ƙarfe. Wata tsohuwa Bazabarma da ke kusa da ni ta dube ni, ta yi magana, ban ji ba. Na yi magana, ba ta ji ba. Sai ta janye kwandonta daga ƙasa ta ɗora a cinya, ta nuna mini wurin, ta kwatanta da hannu in durƙusa in kifa ƙirjina a kan kujerata. Na yi haka, na ji sauƙi nan take. Ta dafa ƙugunta ta gyaɗa kai, na gane ita ma 'yar gida ce. Daga nan har Dosso tana ɗauke da kwandon nan a cinya, in na yunƙura zan tashi don ta huta sai ta danna kafaɗata. Da za ta sauka na ba ta dambun Murja, ta ba ni wani busasshen cuku mai faɗi kamar takarda. Ban san sunanta ba.

Bayan Dosso direba ya rage gudu, mutane suka yi ta nuni ta taga, wai raƙuman dawa ne ke cin ganye a bakin hanya. Ni ina durƙushe, ƙafafun fasinjoji kawai na gani. Malam Sada ya ce suna da kyau.

A Yamai an sauke mu a masaukin baƙi na wata makarantar koyon jinya, ba nisa da kogi. Ɗaki ƙarami, fanka tana juyawa. Na tambayi mai gadi yaushe ake ɗauke wuta don in yi guga da wuri. Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba, sannan ya ce ai wutar daga ƙasarmu take zuwa. Ban sake tambaya ba. Washegari muka yi wanka muka tafi ofishin ƙungiyar da tsakar rana, don mu nuna mun iso. Muka tarar da ƙofa a rufe, titi fayau. Ashe a can in rana ta take kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Wata mai abinci a gindin bishiya ta tausaya mana, ta zuba mana kwaɗon zogale da dambu, su kopto suke ce masa, ta koya mana "fofo", gaisuwar Zabarmawa. Da wannan kalma ɗaya na yi ta cin kasuwa har muka bar garin.

Da yamma muka haɗu da Madam Habsu, wadda ke jagorantar bitar a Yamai. Mutuniyar garin Tawa ce, tsohuwar malamar makaranta, 'yar ƙarama, da tabarau. Abin da na fara gani hannuwanta ne. Sanyin ƙashi ya karkatar da yatsun duka gefe guda, ko kofi da tafin hannu biyu take ɗauka. Tafiyarta a hankali, kamar mai taka ƙaya. Amma in ta buɗe baki, ko yaro mai kuka shiru yake.

Ta kai mu wurin bitar, wata rumfar zana a harabar makarantar unguwa, maza a gefe mata a gefe, kowa kan tabarma. Na zuba ido in ga inda aka ajiye kwalayen magani. Babu. Ta fara da cewa, da Hausa sannan da Zabarmanci, "Nan ba mu warkar da kowa. Wanda ke neman warkewa ya tahi likita, mu ma muna tura mutane can. Nan muna koyon yadda za mu zauna da abin da ya ƙi tashi."

A zaurenmu in mun taru, kowa ciwonsa yake bayyanawa, har kamar ana gasa. A nan tambayar da take yi wa kowa ita ce me ya iya yi a wannan mako. Wata ta ce ta yi wanki, amma ta raba shi kashi-kashi tana hutawa. Aka tafa mata. Wani ga-ruwa mai suna Bubakar, wanda wuyansa ya sandare saboda ɗaukar garwa, ya ce ya je sunan ɗan ƙanensa ya zauna har aka watse. Aka tafa masa. Sannan Bubakar ɗin ya tashi ya nuna yadda ake ɗaga kaya daga ƙasa da gwiwa, ba da ƙugu ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin alamomin da in mutum ya gani kada ya tsaya bita, ya nufi asibiti. Daga ƙarshe aka kwanta aka yi numfashi, a ja a hankali a saki a hankali. Ina kwance ina jin kunya, ina tunanin fuskar Alhaji Mani in na ce masa numfashi na kawo.

Da aka watse na kasa haƙuri. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Mutanenmu talakawa ne, magani suke so. Wannan duk ai magana ce."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Malam Lawali, ranar da ka tashi da sauƙi, mi kake yi?"

"Sai in hau keke in rama aikin da ya taru, har dare."

"Washegari fa?"

"Ba na iya tashi."

"Ni ma haka na yi ta yi da alli da allo, har na rasa aikin. Magani yana da wurinshi, ina shan nawa, likita ya rubuta mani. Amma ba shi zai hana ka kashe kanka ranar sauƙi ba. In an ba ku kwali yau, wata biyu ya ƙare. Sannan mi?"

Na tafi ban gamsu ba. Amma a kwanakin da muka yi ina bin bitar nan, na lura da abu ɗaya: mutanen rumfar suna da ciwo irin namu, wasu ma ya fi namu, amma ba su da irin fuskar da muke da ita a zaure.

Ranar da za a saurari masu neman tallafi, tawagogi sun zo daga Agadas da Damagaram da Gaya ta Nijar, ga mu daga Katsina, kuma an gaya mana ba kowa zai samu ba. Da safe na sunkuya zan ɗauki buta, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. Na zube a wurin. Wahalar mota ce ta biyo ni. Malam Sada ya ɗumama ruwa ya gasa mini, ya ba ni maganin farmasi, amma ko zama na kasa, balle tsayuwa.

Ya ce, "Ka kwanta, ni in je in yi magana."

Na ce, "Malam, sun ce sai majinyaci ya yi magana da bakinsa. In ban je ba mun zo a banza."

Shi da mai gadi suka ɗauke ni kamar buhu suka shimfiɗa a bayan tasi. Zauren taron yana da teburi dogo da farin ƙyalle, manya suna zaune a bayansa. Shugabansu Dakta Salifu ne, wani likita ɗan Burkina, ƙato mai sanƙo, da tafinta a gefensa. Aka shimfiɗa mini tabarma a gaban teburin. Ina kwance rigingine, rufin ɗaki kawai nake gani da ƙasan teburi, ga jama'a cike a kan kujeru. Ban taɓa jin ƙanƙanci irin na lokacin ba. Na ji wani daga baya yana cewa a ɗaga mu zuwa wani lokaci.

Sai na ji an ja kujera. Dakta Salifu ya zagayo teburin, ya cire takalmansa, ya zauna a ƙasa dirshan kusa da kaina da kwat ɗinsa. Tafinta ya bi shi. Sauran manyan suka dubi juna, su ma suka sauko. Madam Habsu, wadda saukowa ƙasa aiki ne a wurinta, ta dafa kafaɗar wata ta zauna. Kafin in ankara mutanen Agadas da rawunansu, da na Damagaram, da na Gaya, duk sun bar kujeru. Babu wanda ya ba da umarni. Dakta ya yi magana, tafinta ya ce, "Ya ce yanzu muna ganin juna. Bisimilla."

Na fara da saƙon da aka ba ni, don amana ce. Na ce mutanena suna roƙon magani da injin gashi. Sannan na ba su labarin zauren Malam Sada, da ɗan acaban da ke ɗaure ƙugu da igiyar roba ya fita aiki, da leburan da in bai ɗauki bulo ba yaransa ba su ci ba, da ƙullin ledar da aka karɓe mini a Ɗan Isa. Na ce kafin in zo na ɗauka abu biyu ne kawai, ko ka warke ko ka kwanta ka jira mutuwa, a rumfar Madam Habsu na ga akwai na uku.

Dakta Salifu ya saurara har na gama. Bai yi mini alkunya don ina kwance ba. Ya ce magani da inji ba sa cikin abin da suke bayarwa, kuma ba zai yi mini alkawarin ƙarya ba. Sannan ya tambaya, "Mata nawa ke zuwa zaurenku?"

Malam Sada ya ce babu, zaure na maza ne.

"To matan Katsina ba sa ciwo? Wa zai koya musu?"

Ba mu taɓa tunanin wannan ba, kuma na ga tallafin yana sulluɓe mana. Tawagar Damagaram da mace suka zo, ta Gaya ma haka.

Sai Madam Habsu ta ce, "Ni zan tahi."

Dakta ya dube ta, ya yi mata magana da Faransanci, ina jin yana tuna mata nisan hanya ne da halin jikinta. Ta amsa da Hausa don mu ji. "Shi wanga da ke kwance, a kan hanyar ya zo. In ya iya zuwa, na iya zuwa. Su nemo mani mata huɗu ko biyar masu haƙuri, in zauna da su har su iya."

Bayan la'asar aka sanar. Mu da Damagaram muka samu, na shekara guda, in an ga aiki a sabunta. Tallafin na tabarmi ne da wurin taro, da horar da masu koyarwa, da kuɗin motar waɗanda za su zo daga ƙauyuka. Sharaɗi biyu: a yi ajin mata, kuma a ware rana ta iyalan majinyata. Mutanen Agadas, da suka fi kowa nisan tafiya kuma suka koma hannu wofi, sai da suka zo har tabarmata ɗaya bayan ɗaya suka yi mini barka da fatan sauƙi.

Sai da na ƙara kwanaki kafin in iya hawa mota. A dawowa mun yi ta yada zango, ba mu yi ta a tashi ɗaya ba.

A zaure kuwa ba a tarbe mu da guɗa ba. Alhaji Mani ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wato tabarma kuka roƙo. Tabarma ce babu a Katsina?" Ya dogara sandarsa ya fita, wasu suka bi shi. Har yau bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba, gwiwarsa ce ke masa ciwo ba tawa ba.

Madam Habsu ta cika alkawari. Ta iso a galabaice, sai da aka riƙo ta daga mota. An nema mata masauki a Ji'ara, unguwar manyan ma'aikata, ta ƙi, ta ce a cikin gari take so, ta sauka wurin iyalin Malam Sada. Murja na cikin matan da ta horar. Muka samu aron aji a wata firamare kusa da hasumiyar Gobarau, ranar da babu karatu. Taron farko mutane kaɗan ne, rabinsu ma sun zo ne suna zaton za a yi allura. Yanzu sai mun ƙara tabarmi a baranda. Ni kuma na ɗaga teburin yankana, ina tashi daga keke ina miƙewa kafin ciwo ya tashe ni. Bayana bai warke ba. Amma rabon da Murja ta sa mini takalmi an daɗe.

Ranar iyalai ita ce ta fi ba mu wuya, don maza ba sa son zuwa. A ta farko na lura da wani magini, Malam Rabe, mijin wata Hajara da ke ajin mata. Bai shigo ba. Ya tsaya a waje jikin taga, kamar mai jiran wani, yana jin Malam Sada na bayanin cewa akwai ciwon da ba ya kumbura, ba ya jini, hoto ma ba ya nuna shi, amma yana nan. Kafin a tashi ya tafi.

Bayan kwana biyu sai ga shi a shagona da wata tsohuwar riga, wai in gyara masa aljihu. Na duba aljihun, lafiyarsa lau. Ya zauna a benci yana kallon titi. Can ya ce, "Malam Lawal, kai da kake da abin nan. Da gaske mutum zai iya yin dariya da safe, da rana ya kasa ɗaga tulu?"

Na ce, "Da gaske ne. Ni ma haka nake."

Ya ce, "Shekara da shekaru ina ce mata lalaci ne. Har gaban 'yan'uwanta na faɗa."

Na ci gaba da juya rigar a hannuna. Ya miƙe, ya karɓi rigarsa ba tare da an taɓa ta ba, ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Ranar iyalan nan, yaushe za a sake?"

Na gaya masa.

Ya ce, "A ajiye mani wuri a ciki."